Tiyatar Rage Ƙiba: Cinikin Da Ba A Mayar Da Kaya



  

Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne tiyatar nan ta rage ƙiba, wadda a 'yan shekarun nan labarinta ya fara shigowa zaurukanmu. A da sai dai mu ji an ce ana yi a ƙasashen Turawa. Yanzu kuwa ana yin ta a wasu asibitocin kuɗi a Ikko da Abuja, ga kuma dillalai suna bin mutane ta waya suna tallar asibitocin Indiya da Masar da Turkiyya, da hoton mutum kafin aiki da hotonsa bayan aiki. A cikinmu nan ba a rasa wanda ciwon sukari da ciwon gwiwa suka takura wa har ya fara tambayar farashi. To, mu 'yan kasuwa ne, saboda haka da idon ɗan kasuwa za mu dubi maganar. Kafin a ce an saya, ai sai an kwance huhu an ga goron, an ji kuɗinsa, an kuma san ko za a iya mayarwa in ya ɓaci. Wannan ciniki dai, jama'a, ba a mayar da kaya, kuma kuɗin da mutum zai ajiye a asibiti kafin alƙalami ne kawai. Ragowar kullum zai yi ta biya har ƙarshen rayuwarsa. Abin da muke so kowa ya koma gida da shi ke nan.

ƘIBA A IDONMU DA A IDON LIKITA

Mun taso a cikin al'adar da ke ganin ƙiba alamar samu ce. In mutum ya koma gida daga kurmi da tumbi, sai a ce wane kasuwa ta yi albarka. In amarya ba ta murje ba bayan 'yan watanni, sai dangi su fara tambaya ko mijin da yunwa yake barin ta. Har ta kai wasu 'yan matanmu suna shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali wasu daga cikinsu magungunan wata cuta ce daban, kuma suna jawo hawan jini da sukari. Mu tuna fa, kakanninmu da suka yi fataucin goro a ƙasa suke takawa daga Kano har Gwanja, wata da watanni suna bin jakuna. Mu kuwa daga gida sai mota, daga mota sai benci a bakin shago tun safe har magariba. Ga tuwon gida, ga teba da amala da sakwara da muka koya wurin masu masaukinmu, ga lemon kwalba, duk baƙon da ya zo sai an buɗe. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, wato sama da mutum biliyan ɗaya.

Shi likita da lissafi yake auna ƙiba, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. Ka auna tsawonka da mita, ka buga shi sau kansa, sa'an nan ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Alal misali, mai tsawon mita 1.70, in ya buga 1.70 sau 1.70 zai sami 2.89. In nauyinsa kilo 120 ne, ya raba 120 da 2.89, zai tashi da 41 da rabi. Daga 18 da rabi zuwa ƙasa da 25, nauyi daidai ne. Daga 25 zuwa ƙasa da 30, ya ɗan yi yawa. Daga 30 zuwa sama, nan ne ake ce wa ƙiba cuta. A shekarar 1991 wani taron ƙwararru a Amurka ya sa ƙa'ida cewa a yi tiyatar ga wanda lissafinsa ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta kamar sukari. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Kun ga ke nan, mai ɗan tumbi da ke son kaftani ya zauna masa, ba da shi ake wannan magana ba.

YADDA AIKIN YAKE

Tiyatar iri-iri ce, amma guda biyu aka fi yi a duniya yau. Ta farko ita ce gastirik baifas, wato a sa abinci ya tsallake mafi yawan tumbi. Wani likita Ba'amurke, Edward Mason, shi da abokin aikinsa Chikashi Ito, su ne suka fara ta a Jami'ar Iowa a shekarar 1966. A wancan lokaci tsaga ciki ake yi. Daga shekarun 1990 aka fara yin ta ta 'yan ƙananan huji a fatar ciki, da kyamara da dogayen kayan aiki, abin da ya rage jinya ƙwarai.

Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita ɗaya ko fiye. A wannan aiki sai a yanke ɗan samansa a yi 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, mai cin kamar cokali biyu na cin abinci. Sa'an nan a yanke ƙaramin hanji a jawo shi sama a haɗa da 'yar jakar. Ragowar tumbin yana nan a ciki da ransa, sai dai abinci ya daina bi ta cikinsa, haka kuma ya daina bi ta farkon hanji. Kamar dai babbar hanyar da aka karkatar ta bayan gari, motoci suna wucewa amma kasuwar cikin gari ba ta ganin su. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa. Ta biyu kuma ita ce silib, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, a bar saura siriri kamar ayaba. Silib ba ta warwaruwa ko kaɗan. Baifas kuwa ana iya warware ta, amma aiki ne mai wuya da haɗari, ba safai ake yi ba.

Ba ƙanƙantar wurin abinci kaɗai ke rage nauyin ba. Bayan aikin sinadaran da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa da saƙon yunwa da ƙoshi suna canzawa, sai mutum ya ji ya ƙoshi da wuri. Shi ya sa ma mai ciwon sukari yakan ga sukarinsa ya fara sauka cikin 'yan kwanaki, tun bai rage wani nauyin kirki ba.

Kada kuma a haɗa wannan da aikin zuƙe kitse, wanda ake sa bututu ƙarƙashin fata a tsotse kitsen ciki ko na cinya. Wancan gyaran sura ne, ba ya maganin sukari ko hawan jini, amma shi ma yana da nasa haɗarin. Dukkanmu muna tune da uwargidan Shugaba Obasanjo, Stella, wadda ta rasu a ƙasar Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan irin wannan aiki, kuma a shekarar 2009 kotun ƙasar ta hukunta likitan saboda sakaci. Wuƙar likita ba ta san matar shugaba ba.

RIBAR DA KE CIKI

Adalci shi ne mu faɗi ribar, don akwai ta. A ƙasar Siwidin an fara wani bincike a shekarar 1987, aka bi mutum sama da 4,000 masu ƙiba, rabi an yi musu tiyata, rabi suna kan kulawar asibiti ta yau da kullum. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa baifas sun rage kamar kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara goma kuma ragin ya tsaya a kashi 25. Mu koma kan mutuminmu mai kilo 120. Zai sauko zuwa wajen kilo 82, sa'an nan a hankali ya ɗan hau zuwa wajen 90. Wato zai sami sauƙi mai yawa, amma ba zai koma jikinsa na samartaka ba, duk dillalin da ya ce masa haka ya faɗa masa son ransa ne. A cikin wannan bincike mutum 101 ne suka rasu cikin waɗanda aka yi wa aiki, 129 kuma cikin waɗanda ba a yi wa ba. Rai dai na Allah ne, amma lissafin ke nan.

Game da ciwon sukari, wani binciken da aka yi a birnin Cleveland na Amurka da mutum 150 ya fitar da sakamakon shekara biyar a 2017. Cikin waɗanda aka yi wa baifas, kashi 29 cikin 100 sukarinsu ya sauko inda likitocin suke nema, cikin masu silib kashi 23, cikin masu shan magani kawai kashi 5. Ku lura, ba kowa ne ya rabu da ciwon ba, kuma akwai wanda yakan dawo masa bayan shekaru. Amma da yawa sun rage magani, wasu sun ajiye allurar insulin. Haka kuma hawan jini yakan yi sauƙi, da ciwon gwiwa, da minsharin nan mai ɗauke numfashi cikin barci wanda ke sa mutum gyangyaɗi a shago da rana tsaka. Wanda ya shekara biyar yana salla a kan kujera, ranar da goshinsa ya sake taɓa ƙasa shi kaɗai ya san abin da ya samu.

HAƊARIN KWANAKIN FARKO

A asibitocin da suka ƙware, inda suke yin aikin kullum, waɗanda ke rasuwa cikin watan farko kimanin mutum 1 ne zuwa 3 cikin 1,000. Wannan lissafin ƙwararrun wurare ne, ba na kowane gini mai allo a ƙofa ba. Abubuwan da aka fi tsoro su ne ɗinkin ciki ya yi yoyo, ko zubar jini, ko jini ya daskare a ƙafa gudan ya tafi huhu. Yoyon ɗinki yakan bayyana ne cikin kwanakin farko, da bugun zuciya da sauri, da zazzaɓi, da ciwon ciki. A nan ne tafiya waje take da nata nauyi. Mutum an yi masa aiki, bayan kwana huɗu ko biyar an sa shi a jirgi, zaman awoyi a kujera kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ya sauka Ikko ciwo ya tashi, wanda ya yi aikin yana can wata duniya, likitan da ke nan kuwa bai san abin da aka yanka da abin da aka haɗa ba. Gwamnatin Ingila kanta ta gargaɗi 'yan ƙasarta a kan zuwa waje neman tiyata mai sauƙin kuɗi, bayan da wasu suka rasa rayukansu. Araha ba ta ado, balle a kan rai.

RAYUWA BAYAN AN SALLAMO MUTUM

To, yanzu mun zo kan ragowar kuɗin da muka ce kullum ake biya.

Na farko, cin abinci. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sa'an nan abin da aka dama ko aka markaɗa, sa'an nan mai laushi, sai wajen mako shida zuwa takwas mutum ya fara taɓa abincin gida. Ko a lokacin ma 'yan cokula ne, a ɗan faranti, a hankali, ana taunawa har ya zama kamar kunu. Mu kuwa mun san yadda muke da tuwo: a gutsuro loma, a dangwali miya, a haɗiye. Wanda aka yi wa baifas in ya yi haka da tuwo ko teba, lomar za ta tokare masa a ƙirji, ya yi ta ciwo har sai ya amayar. Ba a haɗa ci da sha, sai a bar kamar rabin awa tsakaninsu, kuma ruwan ma kurɓa-kurɓa ake yi duk yini har a kai lita ɗaya da rabi ko fiye. Abin da ake fara ci a faranti shi ne mai gina jiki, kamar kifi, ƙwai, wake, nono, nama mai laushi, domin in aka fara da shinkafa wuri ya cika. Ana so mutum ya sami akalla giram 60 na furotin kowace rana, in ba haka ba tsokar jikinsa ce za ta zube tare da kitsen.

Na biyu, zaƙi. Da yake babu ƙofar da ke tsare abinci tsakanin 'yar jakar da hanji, abu mai sukari yakan zube cikin hanji gaba ɗaya. Bayan minti 10 zuwa 30 sai gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa, ga jiri, ga murɗar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarinsa ya faɗi ƙasa, jiki ya ɗauki rawa. Shayin mai shayi da madarar gwangwani, kunun zaƙi, fura da aka zuba wa sukari, lemon kwalba, duk sai a yi sallama da su, ko a taɓa da taka-tsantsan.

Na uku, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi, bitamin. Mun ce an karkatar da hanya ta bayan gari. To, a wannan kasuwar da aka tsallake, wato farkon hanji, nan ne jiki ya fi karɓar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Bitamin B12 kuma yana bukatar wani ruwa da tumbi ke fitarwa kafin jiki ya karɓe shi. Saboda haka wanda aka yi wa baifas zai sha ƙwayoyin bitamin da na ƙarfe da kalsiyam da bitamin D kowace rana muddin ransa, B12 kuma sau da yawa allura ce duk wata uku. Ga gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sa'an nan duk shekara. Inda tarkon yake shi ne, hanta tana ajiye B12 na shekaru. Sai mutum ya daina sha, ya shekara biyu garau, ya ce ai dama likitoci neman kuɗi suke yi. Ranar da ajiyar ta ƙare sai ƙafafu su fara dindiris, tafiya ta gagara, mantuwa ta shigo, kuma wata ɓarnar jijiya ba ta gyaruwa. Bitamin B1 kuwa ajiyarsa 'yan makonni ce. Wanda ke ta amai kwana da kwanaki bayan aikin, a kai shi asibiti a ranar, don ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da gani. Mun ga yadda naira ta faɗi daga shekarar 2023 da yadda kuɗin magani ya tashi. Kowa ya tambayi kansa tsakani da Allah: in kasuwa ta juya baya shekara biyar nan gaba, zan iya sayen waɗannan ƙwayoyi? In amsar babu ce, to an sayar da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba.

Na huɗu, maganin ciwon jiki. Mu 'yan kasuwa da an ji gajiya sai a aiki yaro kemis ya karɓo haɗi. A cikin haɗin nan ba a rasa ibufurofen ko diklofenak ko asfirin, garin Alabukun ma da muka saba da shi a nan asfirin ne a cikinsa. Waɗannan suna haddasa gyambo daidai inda aka haɗa jakar da hanji, gyambon kuma yana iya zubar da jini ko ya ɓule. Farasitamol shi ne aka yarda da shi, sauran sai da izinin likita. Taba da shisha su ma suna kawo wannan gyambo, dole a bar su tun kafin aikin, kuma ba komawa.

Na biyar, abubuwan da kan biyo baya. Gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida, amma yana dawowa. Fatar ciki da ta damtse takan saki, gyaranta kuma wata tiyata ce da wani kuɗin. Saurin ramewa yana kawo tsakuwa a maɗaciya. Hanji kuma yana iya sarƙewa ko bayan shekaru. Don haka duk wanda aka yi wa aikin, in ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, ko yana kan hanyar Arewa ne da kaya, ya nufi babban asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, kuma maganar farko da zai faɗa ita ce an yi masa baifas. Takardar aikin ta zauna a aljihunsa kamar katin shaida.

MATA, AZUMI DA ZAMAN GIDA

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Da nauyi ya fara sauka, macen da ta daɗe ba ta sami ciki ba tana iya samu ba zato. Amma likitoci suna so a jira wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke ramewa da sauri ba zai ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata ba. Ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya kuma ba abin dogara ba ce bayan baifas, sai a nemi shawarar likita a kan wata hanyar. Mace mai al'ada ta fi kowa saurin ƙarancin jini. Wannan magana ce da miji da mata za su zauna su yi tun ba a biya ko kwabo ba.

Sai azumi. Mai 'yar jaka kamar ƙwai ba zai iya cika ciki da sahur ba, ba zai iya kwankwaɗar ruwan yini guda a zama ɗaya ba, kuma buɗa baki da kunu mai sukari yana iya kwantar da shi. Likitoci da dama sukan hana azumi a watannin farko, wasu ma su ce sai an cika shekara. Mun karanta tun muna Islamiyya cewa an yi wa mara lafiya sauƙi ya sha ya rama, saboda haka kada kunyar mutane ta sa wani ya cuci kansa. Ya ji ta bakin likitansa, ya kawo wa malamanmu su faɗa masa hukunci. Mai dabara ma zai sa ranar aikin bayan ƙaramar salla don ya sami tazara mai tsawo.

Akwai kuma zaman gida, wanda ba asibitin da zai rubuta maka shi a takarda. Mu mutane ne masu ci a kwano ɗaya. Maigida ya sa hannu sau uku ya tsame, uwargida ta ce ranar girkinta ce aka raina, amarya ta ce a wani wuri ya ci. A wurin suna ko walima a yi ta cewa Alhaji ci mana, ko ba ka jin daɗi ne. Ya rame kuma gari ya ɗauka, wannan ya ce karayar arziki ce, wancan ya ce sammu ne, wani ya ambaci cutar da ba a son faɗa. Likitoci sun lura wasu sukan shiga damuwa mai tsanani bayan aikin, musamman wanda da can abinci ne abokin hirarsa in ransa ya ɓaci. Wanda iyalinsa ba su fahimci abin ba, zai koma ɗan tsakure-tsakuren cincin da biskit duk yini, nauyin kuma ya dawo ta ƙofar baya.

KAFIN A CE AN SAYA

Yana da kyau a san cewa yanzu akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako. Semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon sukari, an amince da ita a Amurka a shekarar 2021 da sunan Wegovy don rage ƙiba. A gwajin da aka yi mutane sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda. Tana da tsada, tana son firji, kuma a watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Ita ma dai sai ta hannun likita.

Wanda ya auna duk wannan ya ga tiyatar ce mafita gare shi, ba mu ce kada ya yi ba. Ga wanda ƙiba ta kai shi bakin rami, zama haka nan ma haɗari ne babba. Amma ya fara da likitan da ke duba sukarinsa ko hawan jininsa, ba da dillali ba, don dillali la'adarsa yake nema. In ya je gaban mai aikin ya tambaye shi: irin wannan aiki guda nawa kake yi a shekara? Wane iri za ka yi mini, kuma don me shi? Akwai ɗakin kulawa ta musamman da jini a ajiye? In ciwo ya tashi da tsakar dare wa zan kira? Akwai masanin abinci da zai bi ni? Wa zai riƙa duba jinina shekara biyar nan gaba? Asibitin kirki shi ma zai yi maka tambayoyi da gwaje-gwaje, ya sa ka kan wani abinci na mako biyu ko fiye don hanta ta saɓe kafin aiki. Wanda ya ce ka turo kuɗi yau a yi maka jibi, ka riƙe kuɗinka. Mai zuwa waje kuma ya sami likita a nan gida da ya yarda zai karɓe shi in ya dawo, ya zauna can har likita ya tabbatar masa jirgi ba zai cutar da shi ba, ya kuma taho da cikakken bayanin aikin a rubuce cikin Turanci.

Mu kuma sauran jama'a akwai namu. In ɗan'uwa ya yi wannan aiki, a daina tsokanarsa, a daina tura masa kwano. Maƙwabcinsa a kasuwa ya riƙa tuna masa da ƙwayoyinsa da ranar gwajin jini, kamar yadda muke tuna wa juna ranar zubin adashi. Waɗanda kuma nauyinsu bai kai can ba, sikelin da muke auna buhu da shi zai iya auna mu, lissafin kuma mun koya yau. A rage lemon kwalba, a rage tuwon dare, a taka zuwa masallaci da ƙafa, a auna jini da sukari ko sau ɗaya a shekara.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.